Sharhi: A Cika Rumbu Kafin A Cika Kwantena

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da kaka zai ga damman riɗi a jingine cikin gonaki suna shan rana, mata da yara kuma suna ɓarar zoɓo a ƙofar gida. Kaɗan ne daga cikin wannan amfanin ke tsayawa a ƙasar Fagam. Daga kasuwar ƙauye sai Dawanau a Kano, daga can sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Riɗi ya nufi Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo ya nufi Meziko.

Amma a koma waɗannan gidaje a watan Yuli ko Agusta. Za a tarar da magidanta da dama suna awon gero kwano-kwano da tsada, wasu ma sun riga sun ci bashin da za su biya da amfanin da ke gona. Wanda ya noma abin da ke samo wa Najeriya dala shi ne ke fafutukar tuwon dare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. A watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a yankin Haɗeja. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta sa noma a gaba, wannan abin yabo ne. Sai dai yawancin tallafin yana zuwa ne a bakin shuka: taki, iri, injin ban-ruwa. Da zarar an girbe, sai a bar manomi shi kaɗai da dillali. Alhali a nan ne ake yi masa asarar da ta fi kowace ciwo.

Dalilin a fili yake. Da kaka kowa na buƙatar kuɗi lokaci guda, ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga hidimar aure. Kowa ya kai kaya kasuwa, farashi ya faɗi. Mai jari ya saya ya ajiye, bayan wata shida ya sayar wa manomin hatsinsa da ninkin kuɗi. Manomin da ba shi da inda zai ajiye, ba shi da abin da zai riƙe kansa kafin farashi ya tashi, ko an ba shi taki kyauta ribar wani ya noma.

Tarihi ma ya ja mana kunne game da zuba dukkan ƙarfi a kan amfani guda don kawai yana kawo kuɗi. Dalar gyaɗa ta Kano ta taɓa zama abin alfaharin Arewa, kuma har zuwa 1991 ƙasar Jigawa ta yau tana cikin Jihar Kano, wato da gumin iyayenmu aka gina ta. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki. Irin haka ta faru da Samoa, wata ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Fasifik. Gwaza ce abincinsu, ita ce kuma babbar hajarsu ta fitarwa waje. A 1993 cutar ganye ta cinye gonakin gwazar, suka rasa abinci da kasuwa a lokaci guda. Sai da aka ɗauki shekaru ana samar da iri mai jure cutar kafin su farfaɗo. Don haka gonar riɗi a Fagam kada ta kori gero da dawa da wake, sai dai ta zauna kusa da su.

Ita kanta kasuwar waje ba ta da sabo. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa, irin fiya-fiyar da ake yayyafa wa buhu don gudun ƙwaro. Meziko ma ta taɓa dakatar da sayen zoɓonmu saboda ƙwarin da aka gani a cikin kaya. Kuskuren da aka yi a sito ɗaya yana iya rufe wa jiha guda kasuwa. Sannan a tuna, waken da Bature ya ƙi saboda guba, shi ne muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali magani yana nan mai sauƙi: buhun PICS mai ɗauri uku yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Tamfol na shanya kuma yana raba riɗi da yashi da tsakuwa, waɗanda su ne hujjar dillali ta karya farashi.

Haka batun su. Najeriya na kashe maƙudan kuɗin waje kowace shekara wajen shigo da kifin sanyi, ga Haɗeja da kasuwar kifinta da ta yi suna, ga Kogin Bunga da ke ratsa ƙasar Gwaram kafin ya isa Jama'are. Masuncin wannan yanki bai cika shiga lissafin tallafi ba, don ba shi da gonar da za a auna a rubuta sunansa. Ruwa na janyewa da rani, raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan kifi, abin da aka kama kuma in ba a yi bandarsa da wuri ba ya lalace. Masu kiwon tarwaɗa kuwa tsadar abincin kifi ce ke korar su daga sana'ar, duk da cewa da masara da waken suya ake haɗa shi, abubuwan da muke nomawa.

Muna kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su karkatar da wani kaso na kuɗin tallafi zuwa bayan girbi. A gina rumbunan ajiya a manyan kasuwanni irin su Sara, a ƙarƙashin ƙungiyoyin manoma, inda mutum zai ajiye buhunsa a ba shi takarda, ya karɓi rance a kanta har farashi ya gyaru. A sa buhun PICS da tamfol cikin kayan da ake rabawa. A ƙara malaman gona, a ba su abin hawa su shiga ƙauyuka. A kafa wurin tacewa da gwajin riɗi da zoɓo a kudancin jihar, domin ladan tacewa ya tsaya a gida. Masunta kuma a yi musu rajista ta hannun sarakunan ruwa, a samar musu da murhun banda na zamani, a kuma tsayar da lokacin hutun su domin kifi ya hayayyafa.

Su ma manoma da nasu aikin. Ƙungiyar da ba a tunawa da ita sai ranar rabon taki ba za ta iya ciniki da kamfani ba. Mutum ɗari da suka haɗa kayansu wuri guda suna da bakin magana, mai buhu biyu kuwa abin da aka taya shi zai karɓa.

Muna son ganin riɗin Fagam a kasuwannin duniya, muna son dalar da yake kawowa. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aunin da ya kamata a riƙa auna kowane shirin noma da shi shi ne wannan: a watan Agusta, akwai sauran hatsi a rumbun wanda ya noma?