Bashin Kati: Ɗari a Baki, Tamanin da Biyar a Waya

Jama'ar Sabo, wata ɗabi'a ta shigo mana, kuma mun zuba ido. Ana tsakiyar magana da gida, Kano ko Katsina, kati ya ƙare, sai mutum ya latsa lamba ya ci bashin kamfani. Ka ranci na naira 100, a ba ka na 85, ranar da ka sa kati a zare 100 cif. Wai 15 ɗin nan ladan hidima ce. Wace hidima? Mu dai yadda muka karanta a gaban malamai, rancen da aka ɗora wa ƙari kuɗin ruwa ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

Wasu su ce ai ba yawa. Haba! Mu 'yan kasuwa ne fa. Wa zai yarda a yanke masa 15 cikin kowace 100 a cinikin goro ko shanu? Masu kiran Maraɗi da Damagaram su suka fi jin jiki, don kiran ƙetare kafin a gama gaisuwa ya lashe katin, sai a sake ranta.

Ga masu sayar da kati nan a bakin masallaci. Sayi naka tun da rana kafin ka kira tsohuwa. In aljihu ba nauyi, ari wayar maƙwabcinka. Shi ba zai cire maka 15 ba.