Kokwamba Da Zafin Bazara

Jama'a, ga bazara ta kama, ƙishirwa ta dami kowa, a gona ko a ofis. Abin da ke ba ni mamaki shi ne manomin lambu ya yi ta ban ruwa wata biyu, kokwamba ta nuna, ya loda ta a buhu ya kai birni, iyalinsa ko ɗanɗano ba su yi ba. Wai abincin ma'aikata ce. Haba! Ai 'yar'uwar gurji ce, wanda kakanninmu suka sani tun tuni.

Kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne, shi ya sa take sanyaya jiki da rana tsaka, tana kuma taimakon mai fama da taurin bayan gida. Amma kada wani mai talla ya ruɗe ku cewa tana warkar da ciwon sukari ko hawan jini. Ba ta yi. Ba ta kuma riƙe ciki, wanda zai yi huɗa sai ya nemi tuwonsa.

Uwargida ta yanka ta da tumatir da albasa, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan gishiri, ta zuba man gyaɗa. Ga kwaɗo, ba hura wuta, ba asarar itace.

Sai dai a kula. Ɗanya ake cinta, kuma ruwan wasu kududdufai da ake ban ruwa da shi yana ɗauke da ciwon amai da gudawa. A wanke ta da ruwa mai tsabta, in ana shakka a fere bawon. Masu sayarwa a tasha kuma, don Allah ku daina yayyafa mata ruwan kwata.