Zuwa ga masu gyaran kwamfuta, daga Kwanar Dangora har Riruwai



Yawancin kwamfutocin da ke shigowa shagunan wannan yanki na hannu ne: HP EliteBook, Dell Latitude da ThinkPad, waɗanda aka sayo a Beirut Road ko Farm Centre a Kano. Aikin da aka fi kawowa kuma fomatin ne. A nan ɓarnar take. Yaron shago ya goge komai, ya ɗora Windows, allo ya kawo, ya karɓi kuɗinsa. Sai mai kaya ya koma Doguwa ya tarar babu sauti, firinta ta ƙi motsi, Wi-Fi kuma ko alamarsa babu, domin direbobinsu sun tafi da gogewar. To da me zai sauke direban, alhali ƙofar intanet ɗin ce a rufe?

Gwani yakan kwashe direbobin kafin ya goge. Umarnin pnputil da ke cikin Windows 10 yana fitar da su duka zuwa filashi, ba a ƙona data ko kaɗan. In an riga an goge, sai a buɗe Device Manager a nemi alamar nan mai ruwan ɗorawa. A cikin Hardware Ids akwai lambar kamfanin da ya ƙera na'urar: 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 10DE ta Nvidia. Kwamfutar Dell ma tana da Service Tag a ƙasanta, wanda shafin kamfanin ke karɓa ya ba da direban da ya dace.

Manhajojin nan masu zuba direbobi a dunƙule suna da sauri, gaskiya ne, amma sukan shigo da tarkacen da ba wanda ya nema.

Sabuntawa kuma a yi ta da dalili. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa guda daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Mai shagon buga takardu a Tudun Wada, a lokacin rajistar JAMB, bai kamata a taɓa masa direban firinta mai aiki ba. In sabon ya kawo matsala, Roll Back Driver na mayar da tsohon.

Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0. Kafin a tilasta wa tsohuwar kwamfuta ɗaukarta, a faɗa wa mai ita gaskiya, a kuma gwada sauti da kyamara da Wi-Fi a gabansa tun bai hau mota ba.

Wassalam.