Takardar kammala karatu ba ta isa riƙe ɗakin farfaɗo da marasa lafiya ba

Kowace shekara makarantun koyon aikin jinya, daga ENSP ta Damagaram da ta Yamai har zuwa masu zaman kansu, suna yaye matasa bayan karatun shekara 3. Wasunsu kan faɗa kai tsaye ɗakin farfaɗo da marasa lafiya, inda ake kwantar da waɗanda rai ke hannun Allah: masu sanƙarau lokacin zafi, yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sumar da damina, da waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su.

A wannan ɗaki sakacin minti guda na iya zama ajali. Kowace ƙara ta na'urar numfashi tana da ma'anarta, ɗigon maganin da ke tallafar zuciya yana da ƙa'idarsa, kuma ba a ƙware a waɗannan a gaban allo.

Laifin ba na sabbin ma'aikata ba ne. Ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta wajabta masu horon watanni a hannun gogaggen ma'aikaci kafin a bar su su kaɗai da aikin dare. Manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su soma. Na'ura mai tsada ba ta ceton rai in babu hannun da ya san ta.