Tsofaffin direbobi: a auna ido kafin a sabunta permi

A Faransa, direban kamyo sai ya je gaban likita duk shekara 5 kafin a sabunta masa permi. In ya kai shekara 60, duk shekara 2. Daga 76 kuwa, kowace shekara. Dokar ba ta ƙwace wa tsoho sitiyari ba, lafiyarsa take tambaya.

Abin da ya kamata Nijar ta duba ke nan. Dattijon da ya shekara 30 tsakanin Yamai da Damagaram ya san kowace kwana ta hanyar fiye da yaron da ya samu permi jiya. Amma yanar ido ba ruwanta da gwaninta: da dare, hasken motar da ke tahowa yakan rufe masa hanya, ga amalanke a gaba ba fitila.

Aikin yana hannun ma'aikata da 'yan kasuwa. Likitan da ya sa hannu ba tare da awo ba, da shi aka yi haɗarin. Masu motoci su biya kuɗin awo da tabarau, sun fi kamyon da ya kife araha. Wanda ya faɗi awon kuma, galibi ba shi da fansho. Ƙungiyar direbobi ta samo masa aiki a tasha.