Fizge audugar ciwo ba jarumta ba ce

A makon jiya na raka ɗan yayana, yaro ɗan shekara 11, wani kemis a garin Tambuwal don a sake masa wankin ciwo. Kwana uku kafin nan mashin ya kayar da su shi da mahaifinsa a hanyarsu ta dawowa daga Kebbe, ya ƙuje a gwiwa, faɗin tafin hannu. Ranar da abin ya faru an wanke masa, an shafa aidin, an ɗora auduga kai tsaye a kan ɗanyen naman, aka naɗe da bandeji. Da muka koma, audugar ta bushe ta zama ɗaya da ciwon. Mai kemis ya kama gefenta, ya dubi yaron ya ce, "Daure, kai namiji na," ya fizge. Yaron ya ƙwalla ƙara, jini ya biyo ƙaurinsa, ciwon da ya fara kamewa ya koma ɗanye kamar ranar farko.

Babu wanda ya ga laifi a cikin masu jiran layi. Wani dattijo ma cewa ya yi gara haka, mugun jini ne ya fita. Ni kuwa ina ganin fami ne aka yi wa yaron, kuma mun biya kuɗi aka yi masa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin bandeji ba boyayye ba ne. Ƙujewa tana tsattsafo da ruwa mai ɗanko, sabuwar fata kuma tana tofowa daga gefe da kuma daga gindin gashi, siririya ƙwarai. Zaren auduga yana shan wannan ruwan, ya bushe a ciki, sabon naman ya tsiro ya sarƙe da shi. Wanda ya fizge audugar ya kwashe aikin da jiki ya yi na kwana uku. In aka maimaita haka sau uku ko huɗu, ƙujewar da za ta warke cikin mako biyu sai ta kai wata, ta bar tabo, a wajen wasu ma ta rikiɗe ta zama gyambo.

Don haka kuskuren ba a ranar cirewa ya fara ba, tun ranar ɗaurewa ne. Mun taso da imanin cewa sai ciwo ya sha iska ya bushe ya yi ɓawo sannan yake warkewa. Wannan imanin ne ke sa a zazzage hodar kafso a kan ciwo, ko toka, ko kuma man birki, wanda wasu 'yan kabu-kabu ke rantsuwa da shi. Likitocin Turai ma sun daɗe a kan wannan fahimta, har zuwa 1962 da wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu, ya ga raunin da aka rufe ya zauna da danshinsa yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu na saurin wanda aka bari ya bushe. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da hakan a jikin mutane a Amurka. Maganin mannewar kuwa ya ma girmi wannan binciken. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Auguste Lumière na Faransa, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka shahara da ƙirƙiro sinima, ya fito da ƙyallen ciwo mai raga-raga da aka jiƙa da maiƙo don kada ya manne wa sojojin da suka ji rauni. Irinsa ne ake sayarwa yau a manyan shagunan magani a Sakkwato. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu a ƙauyukanmu auduga ake dannawa.

To, in ta riga ta manne fa? Ruwa da haƙuri kawai take buƙata. A wanke hannu da sabulu. A tafasa rabin lita na ruwa, wato kimanin leda ɗaya ta fiya wata, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tuli ba, a bari ya huce ya koma ɗumi-ɗumi. In akwai ruwan gishirin asibiti, wanda ake ƙarin ruwa da shi, ya fi. A kwance bandejin sama, a riƙa zuba ruwan a kan abin da ya manne har ya jiƙe sharkaf, a jira minti 10 zuwa 15. Sannan a ɗaga gefe ɗaya a hankali, ana ja a kwance daidai da fata, ba sama ba, ɗayan hannun yana danne fatar da ke kusa. Inda ya ƙi, a tsaya, a ƙara ruwa, a sake jira. Kada a jiƙa shi da sifirit ko haidirojin, domin zafinsu ba alamar aiki ba ne, sabuwar fatar suke ƙonawa. In jini ya ɗan fito, a danne da ƙyalle mai tsabta na minti 10. Bayan an cire, a ɗauraye ciwon, a shafa man Vaseline fari marar turare, daga kwalbar da ba a tsoma yatsa a cikinta ba, kafin a ɗora sabon ƙyallen ciwo. Auduga, in ma za a sa ta, a bayan ƙyallen take zama.

Na san abin da masu kemis za su ce: ƙyalle mai maiƙo ya fi auduga tsada, ga layi, wa ke da minti 15 na jiran auduga ta jiƙa? Akwai kuma masu cewa a zafin Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, rufe ciwo dafa shi ne. Maganar zafi tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya kamata a sauya ɗaurin kullum, ko da zarar ya jiƙe da gumi. Amma buɗe shi ga ƙuda da ƙurar hanya bai fi ba. Maganar lokaci kuwa ban karɓe ta ba. Ana iya jiƙa wa yaro, a zaunar da shi a benci, a sallami mutum biyu kafin a dawo kansa. Kuɗin kuma, wanda ya biya wankin ciwo na wata guda maimakon mako biyu ya riga ya biya ninkinsa. Ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED tana da rassa da tarurruka. Wannan darasi bai wuce a koyar da shi a zama ɗaya ba.

Ba kowane ciwo ne na gida ba. Wanda aka ɗinke, ko ƙuna mai zurfi, ko ciwon ƙafar mai ciwon suga, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya buɗe. Haka in ciwo ya fara wari, ko mugunya, ko kumburi da zafi suna yaɗuwa, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya biyo baya, a nufi Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe, ko asibitin da ya fi kusa, a ranar. Manomin da ya yanke a fadama da wanda ya ƙuje a turɓayar da dabbobi ke bi su tambayi allurar titanus, mai sarƙe haƙora, musamman in ta wuce shekara biyar rabonsu da ita.

Yaron namu dai bai koma kemis ɗin ba. Mahaifiyarsa ce ta ci gaba da yi masa da ruwan gishiri a kwanon sha, kullum bayan la'asar, yana zaune a tabarma yana ƙirga mintocin a wayar babansa. Tun daga ranar bai sake zubar da jini ba, shekaranjiya kuma ya koma makaranta.