ZAUREN IYALI: Ƴan Tsanar Jarumai, Masu Tara Su Da Masu Gyara Su

A wannan fitowa za mu leƙa wata al'ada ta mutanen Amurka da Turai da Japan, wadda kan ba wanda bai san ta ba mamaki. Magidanta ne masu furfura suke tara ƴan tsanar roba na jarumai, irin waɗanda aka ƙera wa yara tun daga shekarun 1960 har zuwa na 1980, waɗanda ake kira figurines da Faransanci. Wasu suna kulle su cikin kwali suna jiran ranar da za su yi tsada, wasu kuwa suna kwance su, su gyara, su sake musu fenti da tufafi. Maganar ta shafe mu, domin irin waɗannan tsofaffin kayan wasa suna iso mu cikin dilolin gwanjo, kuma a hannun ƴaƴanmu suke ƙarewa.

Asalin abin kasuwanci ne. A shekarar 1959 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da ƴar tsanar nan Barbie, ya ci riba mai yawa, musamman wajen sayar da tufafinta. Ganin haka, a 1964 kamfanin Hasbro ya ƙera wa yara maza wani soja mai suna G.I. Joe, mai tsawon kimanin santimita 30, wanda gaɓoɓinsa suke lanƙwasuwa. Da yake sun san yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da ƴar tsana ba, sai suka guje wa wannan kalma a tallarsu, suka laƙaba masa wani sabon suna mai nuna jarumta da motsi. A 1966 aka fara yin irinsa a Ingila da sunan Action Man.

Da farashin man fetur ya tashi a 1973, sai roba ta yi tsada, tunda daga fetur ake samo ta, kamfanoni suka koma rage girman kayansu. A Japan, kamfanin Takara ya fito da Microman a 1974, mai tsawon kimanin santimita 10. Sannan fim ɗin Star Wars ya fito a 1977. Kamfanin Kenner da ke birnin Sinsinati shi ya sami izinin yin ƴan tsanar fim ɗin, amma har lokacin bikin Kirsimeti ya zo bai gama ƙera ko ɗaya ba. Sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari cewa za a aiko musu da ƴan tsana huɗu ta gidan waya a 1978, kuma mutane suka saya. Daga 1978 zuwa 1985 kamfanin ya sayar da fiye da miliyan 300.

A shekarun 1980 talabijin ya shigo cikin harkar sosai. Mattel ya fito da He-Man a 1982, aka yi masa fim ɗin zane a 1983. Hasbro ya fito da Transformers a 1984, shekarar da hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Amurka ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara. Yaro yana zaune yana kallon labari, alhali talla ce ta rabin awa ake yi masa. A Faransa ma, Goldorak na Japan da aka fara nunawa a 1978 ya jawo rububin kayan wasa irin wannan. Kasuwar kuwa ba ta da amana: cinikin He-Man a Amurka ya kai kimanin dalar Amurka miliyan 400 a 1986, ya faɗo zuwa miliyan 7 a 1987.

To, yaran wancan zamani su ne magidantan yau, kuma da suka sami abin hannu sai suka shiga neman abin da suka yi wasa da shi suna ƙanana. Galibin kayan sun karye, ko sun ɓata, ko iyaye sun zubar, saboda haka kaɗan ɗin da suka rage cikin kwalinsu ba a buɗe ba suka yi daraja. Har akwai kamfanonin da aikinsu shi ne su duba lafiyar kayan, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba mai kama da gilashi. Samfurin farko na G.I. Joe an sayar da shi dalar Amurka dubu 200 a 2003. Wanda ya fi shahara shi ne samfurin Boba Fett na 1979 mai harba ɗan ƙaramin harsashin roba daga bayansa. Kenner ya fasa sayar da shi da wannan harsashi, bayan wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu a ƙarshen 1978 sakamakon shaƙewa da irin harsashin daga wani jirgin wasa na Mattel. A watan Mayu na 2024 an sayar da ɗaya dalar Amurka dubu 525, a watan Agusta na shekarar aka sayar da wani sama da miliyan 1.3, wato kusan sefa miliyan 800 a canjin lokacin.

Wanda ya ji waɗannan kuɗi zai iya zaton ya gano hanyar arziki, amma kallon kitse yake yi wa rogo. A 1995 Kenner ya dawo da ƴan tsanar Star Wars, manya suka yi ta saye suna ɓoyewa ba tare da sun buɗe ba. Bayan shekaru masu yawa, galibin waɗannan ba su yi wata daraja ta a zo a gani ba, domin abin da kowa ya adana ba ya ƙaranci, kuma ƙaranci ne ke sa tsada. Ga kuma jabu: ana buga sababbin bindigogi da takubban roba, a sayar da su da sunan na asali. Kayan da ake samu a gwanjo, wanda ya rasa kwalinsa da makamansa, ya kuma sha hannu, da wuya ya kai wani kuɗi. Saboda haka kada magidanci ya taɓa kuɗin cefane da fatan riba a nan, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Rukuni na biyu, wato masu gyara, a ganinmu su suka fi kusa da amfani, domin sana'a ce a hannunsu. Idan suna son cire hannu ko kai, sukan tsoma ɗan tsanan cikin ruwan zafi har robar ta yi laushi, su zare gaɓar ba tare da ta karye ba, su sa wata daga jikin wani da ya lalace. Ƙananan G.I. Joe da aka fara yi a 1982 suna da zoben roba a ciki wanda yake riƙe ƙirji da ƙafafu. Idan ya tsufa ya tsinke sai jikin ya wargaje, amma kwance sukuru ɗaya da ke baya ya isa a sa sabon zobe. Robar da ta tsufa takan yi danƙo, domin sinadarin da ke sa ta laushi yana fitowa a hankali, sai a wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Wadda rana ta mayar rawaya kuwa sukan jiƙa ta da ruwan oksijine, irin na wanke rauni amma mai ƙarfi, su shanya a haske, ko da yake sau da yawa rawayar kan dawo. Wajen fenti, na akirilik mai narkewa a ruwa suke amfani da shi, domin fentin mai ba ya bushewa a kan roba mai laushi. Abin da ya ɓalle sukan cike shi da wani ƙulli mai daskarewa, su sassaƙa, su goge, wasu kuma su ɗinka ƙananan tufafi da zare da allura. A ƴan shekarun nan har da injin da ke buga abu da tudu da kauri suke yin kai ko hannun da ya ɓace.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Yaron da ya ƙera mota da kara ko da langa-langa, ya yi mata taya da tsohon silifa, ko ya gina saniya da yumɓu, da yarinyar da ta ɗinka wa ƴar tsanarta zane da ƙyallen da tela ya yar, duk aikin gyara da ƙira suke yi. A nan ake koyon haƙuri da awo da tsabtar aiki. Idan abin wasa ya karye, maimakon a yar a sayo wani, uba ya zauna da ɗansa su duba yadda aka haɗa shi, su nemi dabarar mayar da shi. Wuƙa da ruwan zafi da sinadari dai su tsaya a hannun babba.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai gubar dalma a kayan wasan yara, kuma ko bayan haka an ci gaba da samun matsala, domin a 2007 Mattel ya janye miliyoyin kaya daga kasuwa saboda dalma a fenti da kuma ƙananan maganaɗisu masu ɓallewa. A 2018 wani masani mai suna Andrew Turner na jami'ar Plymouth a Ingila ya auna tsofaffin kayan wasan roba guda 200, ya sami sinadarai masu cutarwa irin su dalma da kadmiyam a cikin wasunsu, musamman ja da rawaya da baƙi. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba a ganin ta da ido. Don haka uwa ta kula: tsohon abin wasa ba na jariri mai kai komai baki ba ne, wanda fentinsa yake ɓarewa ko jikinsa yake danƙo a raba yaro da shi, mai ƙananan gutsattsari kuma kada a ba wanda bai kai shekara uku ba.

Mai karatu zai tambayi matsayin siffofi a addini, kuma tambayar tana kan hanya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da wannan ne mafi yawan malamai suka keɓe kayan wasan yara daga hanin da ya zo a kan siffofi. Amma babba ya jera mutum-mutumi masu cikakkiyar sura don ado, wannan mafi yawansu sun hana, kuma wanda abin ya shafa ya nemi bayani wurin malaminsa. Ga shi kuma an gargaɗe mu game da almubazzaranci da dukiya.

Abin da za mu ɗauka ke nan, ƴan'uwa: abin wasa an yi shi ne domin hannun yaro. Mu zaɓa masa mai lafiya, mu bar shi ya yi wasa da shi, idan ya lalace mu koya masa gyara. Allah Ya raya mana zuriya, Ya albarkace su, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.